Awon Madugu da Koren Fentin Masaukan Kwatano

Sunan unguwar Zongo ta Kwatano ya girmi kowane gini da ke cikinta, har da babban masallacin da ake kwatance da shi. Zango a bakin kakanninmu shi ne inda ayari ke sauke kaya bayan tafiyar yini, a shayar da jakai, a ɗora tukunya, a kwana. Ke nan tun kafin a san otal a ƙasashen nan, Bahaushe yana cikin sana'ar tafiya da saukar baƙi, kuma yana da yadda yake gane masaukin kirki. Yanzu gwamnatin Benin ta ɗauki yawon buɗe ido a matsayin ɗaya daga cikin ginshiƙan arzikinta, masaukai da yawa kuma na tallata kansu da cewa suna kula da muhalli. Ya kamata mu ɗauko wancan tsohon awo, mu gwada shi a kan abin da ke faruwa a bakin tafki da bakin tekun garin nan.

A ƙarni na 19, fataucin goro ne ya haɗa Kano da Gwanja. Ayari kan taso da kanwa da rinannun tufafi da jar fata, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ta Nikki da Jugu, waɗanda a yau suke arewacin Benin, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa. Baturen nan Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama cikin 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun kai dubu, dabbobinsu ma kusan haka. Mai karatu ya auna abin da mutum dubu da dabba dubu za su sha, su ci, su ƙona, su bari a gefen ƙaramin gari cikin kwana biyu.

Shi ya sa madugu da jagabansa ba sa zaɓen zango don kyan inuwarsa kawai. Sai sun san akwai ruwan da zai ishi ayari har ya rage wa masu gari, akwai ciyawa da itace, kuma mutanen wurin ba su riƙe ayarin bara a zuciya ba saboda gonar da jakai suka cinye. Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake: madugu zai sake biyowa baɗi. In rijiya ta ƙafe ko masu gari suka fusata, hanyar ta mutu, arzikinsa ya bi ta. Salaga kanta, wadda ake wa laƙabi da garin rijiya dubu, ta yi fama da ƙarancin ruwa a lokutan da fatake suka cika ta, har ruwa ya zama abin sayarwa a kasuwa. Awon madugu dai shi ne: me zan tarar a nan in na dawo, kuma da wace fuska masu wurin za su karɓe ni?

Bayan Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya wargaza Salaga a 1892, kasuwa ta karkata zuwa bakin teku. Hausawa suka bi ta, zanguna suka yi ta tashi a Accra da Lome da Porto-Novo da Kwatano. Layin dogo ya isa Paraku a 1936, sabuwar tashar jiragen ruwa ta buɗe a 1965, Kwatano ta zama ƙofar teku ga 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Yamai. Abin da bai canja ba shi ne tsarin maigida: mutumin da ke saukar baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ci bashi. Jarin maigida sunansa ne, kuma baƙon da ya dawo karo na biyar shi ne shaidarsa.

Garin da waɗannan baƙi suka sauka a cikinsa yana zaune ne a kan siririn yashi tsakanin teku da tafkin Nokoué, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 150. Tarihin wannan tafki shi ne darasi na farko ga duk mai son auna alkawarin masu gini a bakin ruwa. A watan Satumba na 1885, bayan ambaliya, Faransawa suka haƙa mashiga a cikin yashin don ruwan tafki ya zube cikin teku. Ruwa ya faɗaɗa ramin da kansa, ya zama mashigar da a yau ta raba garin biyu, wadda aka kafa kasuwar Dantokpa a bakinta. An yi maganin ambaliyar wannan shekara, amma daga ranar ruwan gishiri ya samu hanyar shiga tafkin.

Da aka soma ginin tashar jiragen ruwa a 1959, abin ya ƙaru. Igiyar teku a wannan gaɓa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Katangun tashar suka tare yashin, ya taru a yammacinta, gabashinta kuma ya rasa mai cike masa gurbi. Teku ta shiga cin gaɓar Akpakpa shekara da shekaru, ta haɗiye gidaje da filaye, har sai da aka kashe maƙudan kuɗi wajen jera manyan duwatsu don tsayar da ita. Mashigar kuma, wadda a da yashi kan toshe bakinta lokaci-lokaci, ta zauna a buɗe. Gishiri ya yawaita a tafki, wata tsutsar teku mai cin itace ta shigo ta riƙa lalata akaja, wato rassan itatuwan da masunta ke kafawa cikin ruwa don kifi ya taru ya hayayyafa. A ƙarshen shekarun 1970 aka gina shinge a bakin mashigar don daidaita ruwan, bai kuma yi aikin da aka so ba.

Babu wanda ya yi waɗannan ayyuka da niyyar kashe sana'ar masunci ko rushe gidan mutumin Akpakpa. Abin lura shi ne ɓarnar ta fito bayan shekaru, a wani wuri daban da inda aka yi aikin, a kan mutanen da ba a tambaya ba. Duk wanda zai auna otal ko kamfanin yawo da baƙi a yau, sai ya riƙe wannan a ransa. Farfajiyar otal ba ta nuna komai. Abin da ke bayan katanga, da abin da zai biyo bayan shekara ashirin, su ne abin dubawa.

A arewacin wannan tafki ne Ganvié take, garin da gidajensa ke tsaye a kan turaku cikin ruwa. Mutanen Tofinu ne suka kafa shi kimanin shekara ɗari uku da suka wuce, suna gudun maharan bayi na ƙasar Dahomi, waɗanda aka ce al'adarsu ta hana su bin mutum cikin ruwa. Yau mutanen garin sun haura dubu ashirin, kasuwarsu a kan kwale-kwale take ci, kuma yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a Benin. Tun 1996 yana cikin jerin wuraren da ƙasar ke neman UNESCO ta sa a kayan tarihin duniya, tafkin kuma ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a shekarar 2000.

Baƙo kan hau jirgin inji daga Abomey-Calavi, ya zaga, ya ɗauki hoto, ya koma kafin la'asar. Mutanen garin kuwa suna zaune da matsalolin da ba sa fita a hoto: bayan gida da ke zuba kai-tsaye cikin ruwan da yara ke wanka, leda da robobi, man fetur ɗin fasa-ƙwauri da ake ratsowa da shi ta ruwa daga Najeriya yana tsiyaya, da wata baƙuwar kainuwa 'yar asalin Kudancin Amurka da kan rufe hanyoyin ruwa idan damina ta rage gishirin tafkin. Akajar ma da ke ciyar da su tana cin itace mai yawa daga tudu, ruɓaɓɓun rassanta kuma na cike ƙasan tafkin. Ba abin mamaki ba ne matafiya su riƙa ba da labarin matan Ganvié da ke rufe fuska idan aka ɗaga musu kyamara. Wanda ake kallonsa kullum, kuɗin kallon kuma na tsayawa a tudu, yana da dalilin juya baya.

Dabarar yi wa kasuwanci ado da sunan muhalli tana da nata tarihin, kuma a otal ta samo suna. Wani Ba'amurke mai suna Jay Westerveld ya ziyarci tsibiran Fiji a 1983, ya ga sanarwar wani masauki na roƙon baƙi su maimaita amfani da tawul don a ceci teku, alhali masaukin na tsaka da faɗaɗa gine-ginensa a bakin wannan tekun. A 1986 ya yi rubutu a kan haka, ya ƙirƙiro kalmar da za mu iya fassarawa da shafa koren fenti. Rage wankin tawul yana rage wa otal kuɗin sabulu da wuta, shi ya sa ake son sa. Gina wurin tace ƙazamin ruwa kuwa kuɗi yake ci, kuma baƙo ba ya ganinsa. Bayan rahoton Brundtland na 1987 da taron Rio na 1992, kalmar ɗorewa ta zama abin yayi, lambobin yabo suka yi yawa har aka rasa na gaske. Wannan ya sa a 2008 aka fitar da ma'aunan bai ɗaya na duniya, waɗanda majalisar GSTC ke riƙe da su, masu duba abubuwa huɗu: tafiyar da wurin, amfanin jama'ar gari, kare al'ada, da kare muhalli.

A Benin, babban yunƙurin ya zo ne da shirin gwamnatin Patrice Talon na 2016. Aka kafa hukuma ta musamman don raya wuraren tarihi da yawon buɗe ido, aka tsara sabunta Ganvié, da gyaran garin Wida, da shimfiɗa hanyar masunta da ke bin gaɓa daga Kwatano zuwa Wida, inda aka ware filaye don manyan masaukai. A 2017 aka miƙa kula da gandun dajin Pendjari ga ƙungiyar African Parks. A Nuwamban 2021 Faransa ta dawo da kayan sarautar Abomey guda 26, jama'a suka yi dafifi zuwa fadar shugaban ƙasa don ganinsu a 2022. Duk mai gaskiya ya san garin ya canja fuska, an samu tituna da fitilu da ayyukan yi.

Sai dai a Disamban 2023 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan mutanen da aka tasa daga matsugunansu saboda ayyukan yawon buɗe ido da ƙawata gaɓa, a Wida da Avlékété da Fiyégnon da kuma Xwlacodji, tsohuwar unguwar masunta da ke bakin mashigar Kwatano, ba nisa da Zongo. An bai wa wasu filaye da kuɗi, amma rahoton ya ce da yawa ba su samu isasshen gargaɗi ko diyyar da ta dace ba, masunta kuma sun yi nisa da tekun da suke ci a cikinta. Ko mutum ya yarda da duk abin da rahoton ya ƙunsa ko bai yarda ba, tambayar da ya tayar tana nan: masaukin da ke aiki da hasken rana, amma aka tashi ƙauye kafin a kafa tubalinsa, a wane layi za a sa shi?

Daga wannan tarihi mutum zai iya fitar da tambayoyin da ko bai yi boko mai zurfi ba zai iya yi. Ta farko ita ce ta ruwa. Mafi yawan Kwatano ba ta da babbar magudanar ƙazanta, kowane gini da shaddarsa, mota ce ke zuwa ta kwashe. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma a kusa yake, taku kaɗan ka haƙa ka same shi. Saboda haka a tambayi mai otal: ina ruwan bayi da na kicin ke tafiya, wace mota ke kwashewa, ina take juyewa? Mai gaskiya zai nuna rasit, ya kai ka bayan gini ka gani. Mai koren fenti zai ja ka zuwa wajen furanni.

Ta biyu ta kayan gini ce da wurin ginin. Tun 2008 doka ta hana ɗibar yashi a bakin teku saboda zaizaya, masu yashi suka koma tafki da fadamu. Bukkar da aka yi wa rufin ciyawa don ta burge Bature tana iya zama a kan ramin da aka cike da yashin tafki, a inda da can itatuwan mangurob suke. Waɗannan itatuwa masu tsiro cikin ruwan gishiri su ne ɗakin haihuwar kifi da jatan lande, su ne kuma ke riƙe gaɓa. Haka fitilu: kunkurun teku na hawowa yashin wannan gaɓa ya yi ƙwai, 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe kuma haske suke bi su shiga ruwa, fitilar otal mai ƙarfi kan juyar da su zuwa tudu su mutu. Ƙungiyar Nature Tropicale ta daɗe tana aikin kare su tare da mutanen ƙauyukan gaɓa. Masaukin da ke kashe fitilun bakin ruwa a lokacin ƙwai ya yi abin da za a iya gani da ido.

Ta uku ta mutane ce da kuɗi. Su wa ke zaune a wurin kafin a yi ginin, ina suke yanzu? Masu tuƙa jirgi da masu rakiya 'yan garin ne ko daga birni aka kawo su? Kifi da kayan miyan da ake dafawa daga hannun wa aka saya? A nan akwai misalin da ya cancanci a duba. Ƙungiyar Eco-Bénin, wadda aka kafa a 1999, ta yi aiki da ƙauyukan tafkin Ahémé da bakin kogin Mono, inda 'yan ƙauyen ne ke rakiyar baƙi, su sauke su, su ciyar da su, a kuma dasa mangurob da wani ɓangare na abin da aka samu. A wasu wuraren ma mutanen gari sun sa dodonsu na Zangbeto ya tsare dajin, wanda ya sare ya san abin da zai biyo baya. Haka kamfanin Green Keeper Africa a yankin Sô-Ava yake sayen busasshiyar kainuwar nan daga hannun matan tafki, ya sarrafa ta ta zama abin tsotse malalar mai. Ba a ce waɗannan ba su da nasu rauni ba. Bambancinsu shi ne ana iya zuwa a tambayi mutanen wurin ba tare da mai kamfani yana tsaye ba.

Ta huɗu ta takarda ce. Dokar muhalli ta Benin ta 1999 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka kafin a fara su, hukumar muhalli ta ƙasa, ABE, ita ke duba binciken kafin a ba da takardar amincewa. Wannan takarda da lambar yabon da wata hukuma mai zaman kanta ta bayar bayan ta zo ta duba, sun fi ganyen da mai zanen talla ya liƙa a allo. A tambayi wanda ya ba da lambar, da shekarar da ya zo dubawa na ƙarshe. Duk da haka takarda ba ta maye gurbin ido. Dokar hana ledar da ba ta ruɓewa ta fito tun Disamban 2017, kowa kuma ya san abin da ke yawo a magudanan garin har gobe.

In mun auna wasu, sai mu hau sikelin mu ma. 'Yan Zongo na cikin wannan kasuwa dumu-dumu: masu canji, direbobin Jonquet, masu tsire, da dillalan kayan fata da sassaƙa da ke jiran baƙi a cibiyar sana'o'in hannu da ƙofofin otal. Hausawa sun daɗe da shahara a dillancin irin waɗannan kaya daga Abidjan har Duwala. An haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, madobiya kuma, wadda aka yi wa sarar rashin imani a Benin da maƙwabtanta don kai wa Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a 2017. Dillalin da ya san daga wane itace aka sassaƙa abin da ke hannunsa, ya kuma ƙi karɓar haure ko ƙoƙon kunkuru ko da riba ta kai ina, ya fi otal mai allon talla kula da muhalli. Mai tsiren da ya koma naɗe nama a takarda ya rage ledar da za ta ƙare a mashiga. Ruwan da ke bin kwatar Zongo da damina ba ya ɓacewa, cikin mashiga da teku yake ƙarewa, inda ake kamo kifin da za mu saya gobe.

Bambancin madugu da mai yawon buɗe ido guda ne, kuma shi ne tushen matsalar. Madugu zai dawo, shi ya sa ya damu da rijiya. Baƙon da ya sauka a filin jirgin Cadjèhoun zai yi mako biyu ya tafi, wataƙila har abada, ba zai ga abin da shaddar otal ɗinsa ta yi wa rijiyar maƙwabta ba. Mai jarin ma yana iya sayar da ginin ya koma wata gaɓar. Waɗanda za su kasance a nan baɗi da baɗin baɗaɗa su ne masuncin Ganvié, da mai dafa gishiri a Djègbadji, da mu da kakanninmu suka yada zango a wannan yashi suka zauna. Saboda haka aikin awon ya dawo kanmu. Idan baƙo ya tambayi direba ko ɗan canji ko maigidansa a Zongo wane masauki zai sauka ko wane jirgi zai hau zuwa tafki, amsar da aka ba shi ita ce ke tura kuɗi wani wuri ta hana wani. Kafin mu nuna masa ƙofa, mu san inda ruwan gidan ke zuba, mu san su wa aka tasa kafin a gina shi, mu kuma ji ta bakin maƙwabtansa. Allah Ya sa jikokinmu su tarar da tafkin nan da kifi a cikinsa.